Zauren Wani, Tarihin Kowa

A ƙauyukan Ingila akwai tsofaffin mashaya waɗanda doka ta hana masu su rushewa ko sauya musu fasali sai da izinin hukuma, bisa tsarin rajistar gine-ginen tarihi da ƙasar ta kafa tun shekarun 1940. Addininmu bai yarda da abin da ake sha a cikinsu ba. Amma hujjar adana su ta cancanci nazari: ɗakin da ƙauye ya daɗe yana taruwa a ciki ya wuce dukiyar mutum ɗaya.

A ƙasar Gumel, zaure ne yake da wannan matsayi. Magina sun ɗora shi da tubali, sun rufe shi da azara, sun shafe shi da makuba, ga zanko a kusurwa, ga indararo mai zubar da ruwan damina. A cikinsa ake ɗaurin aure da zaman makoki, nan baƙon da ya zo cin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis yake samun masauki. Yau daga Gagarawa har Sule Tankarkar, bulo da kwano suna maye gurbinsa.

Tambayata ita ce: shin mai gida yana da haƙƙin rushe zauren da ya gada? Hankali ya ce yana da shi. Shi soro yake yi wa yoyo, shi yake biyan kuɗin yaɓe kowace shekara. Wanda ya tilasta wa talaka zama cikin gini mai zuba domin masu wucewa su sha kallo, ya zalunce shi.

Duk da haka, ina ganin zauren da ya tara unguwa shekara da shekaru amana ne a hannun magaji, kuma amana ba a zubar da ita ba shawara. Sai dai nauyinta bai kamata ya tsaya a wuyansa shi kaɗai ba. Jama'ar da take cewa tarihin nata ne, to ta fito gayyar yaɓe kafin ruwa ya sauka, masarauta kuma ta riƙe maginan gargajiya da aiki domin yara su koya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda bai kwaɓa ƙasa ba, ba shi da bakin zargin mai rushewa.