Hattara da Kimiyyar Hadda

Akwai wata ɓarna da ke cin ƙananan makarantunmu na sakandare, kuma da yake ba ta da ƙara, babu mai ɗaga murya a kanta. Malamin kimiyya zai shigo aji, ya juya wa yara baya, ya cika allo da rubutu daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce a kwafa. A kaɗa ƙararrawa, ya fita. Gobe haka, jibi haka, har shekara uku. Yaro ya gama aji uku ya iya zana kwalbar gwaji da biro tsaf, amma bai taɓa riƙe ta ba. Ya haddace ma'anar maganaɗisu da Turanci, bai taɓa ganin an ɗaga ƙusa da shi a aji ba.

Abin kuma yaɗuwa yake yi. Makarantun kuɗi suna ta tsiro a gidajen haya, ɗaki huɗu da tsakar gida, ana karɓar "kuɗin firaktikal" kowane zango, alhali ko kofin awo babu. A wasu makarantun gwamnati kuwa ɗakin gwaje-gwajen yana nan, sai dai ya zama sito: karyayyun kujeru, ƙura, kwalayen kayan aiki da ba a ko yage ledarsu ba. Makullin yana aljihun mutum guda, ba a buɗewa sai ranar da masu duba makarantu za su zo. Wannan ha'inci ne, kuma yaran talakawa ake yi wa.

Ku tuna, tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, ƙaramar sakandare tana cikin shekaru tara na karatun dole. Yara da yawa, musamman mata, daga nan karatunsu yake tsayawa. Abin da suka samu na kimiyya tsakanin shekara goma sha ɗaya da sha huɗu shi ne guzurinsu har tsufa. A daidai shekarun ne yaro yake kwance rediyon gida don ya ga mai magana a ciki, yake ƙera mota da gwangwani da tsohon silifa. Mu kuma sai mu zaunar da shi, mu koya masa cewa kimiyya wasu dogayen kalmomi ne da ake zubarwa a takardar jarrabawa a manta.

Na san amsar da za a ba ni: babu kayan aiki. Gaskiya ne gwamnati ta gaza, kuma malamin da ke fama da yara fiye da ɗari a aji ɗaya ya cancanci a tausaya masa. Amma wannan uzurin bai isa ba. A jiƙa zoɓo a tace, a zuba a kofuna uku na roba mai haske. A matsa lemon tsami a na farko, launin ya ƙara ja. A ɗiga ruwan kanwa ko ruwan toka a na biyu, nan take ya rikiɗe ya koma kore-kore mai duhu. A bar na uku yadda yake don kwatance. Sannan a ce kowa ya zo gobe da abin da zai gwada: ruwan tsamiya, ruwan sabulu, nono. Yara su fara cankar abin da zai faru, su ɗiga da hannunsu, su rubuta abin da idonsu ya gani. Darasin sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu ke nan, kuma kuɗinsa bai kai na alli ba.

Ga wani misali: Muhammad Bah Abba, wani malami daga Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan da ke tashi daga jikin tukunyar waje yana tafiya da zafi, sai kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. Wannan aiki ya kawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Wane aji ne ba zai iya haɗa irinta ba, ya ajiye tumatir a ciki da waje, ya riƙa dubawa kowace safiya? A marinar Ƙofar Mata da ke Kano kuwa, zane yana fitowa daga ruwan baba da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Makarantu nawa ne a Kano suka taɓa kai ɗalibansu can su tambayi marina dalili?

Ba mu rasa abin koyi ba. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa domin an ɗauki gwaji da muhimmanci. Amma yaron da aka kashe wa sha'awa tun aji biyu ba zai ma nemi shiga irinsu ba.

Shugabannin makarantu, ku ji tsoron Allah ku fito da makullin nan. Kayan gwaji da ya fashe a hannun ɗalibi ya fi wanda ya ruɓe a kwali amfani. Iyaye kuma, ku daina tsayawa ga duba maki a katin sakamako. Ku tambayi yaranku abin da suka gwada da hannunsu a wannan zangon. In amsar ita ce babu, ku tayar da maganar a taron iyaye da malamai, ku nemi a faɗa muku inda kuɗin firaktikal ya shiga.