Wa Ke Riƙe Da Linzaminka?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, ku sani gaɓɓan ɗan Adam bayi ne, ba sa motsi sai an aike su. Ƙafa ba ta zuwa zawiya da kanta, hannu ba ya miƙa sadaka da kansa. Akwai mai aike a cikin ƙirji, kuma shi ne za a tambaya ranar hisabi.

Ku dubi gayya da damina a ƙauyukan Tasawa da Mayahi. Mutum uku ne a kunya ɗaya, kowa da hauyarsa. Na farko ya zo don maƙwabcinsa ba shi da lafiya, na biyu don a rama masa ranar tasa gayyar, na uku don makaɗi ya kira sunansa. Gumi ɗaya, sakamako uku. Saboda haka Imamu Buhari ya buɗe Sahihinsa da hadisin niyya na Sayyidina Umar.

Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya bayyana a cikin Ihya'u yadda aiki ke tsirowa. Da farko tunani ne ke giftawa a zuciya. In aka ba shi masauki sai ya zama sha'awa, sha'awa ta zama azama, daga nan niyya ta ƙullu, gaɓɓai su tashi. Ya kuma kwatanta ɗan Adam da fata guda wadda aka tara halittu huɗu a ciki: alade, shi ne kwaɗayi, kare, shi ne fushi, shaiɗan mai zuga su, da mai hikima, wato hankali. Wanda ya rinjaya a cikinsu shi ke riƙe da linzami.

Kwaɗayin ciki da fushi ba su da wuyar ganewa. Wanda ya fi ɓuya shi ne son girma, domin yakan sa rawani ya riƙe carbi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira labarin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama: wanda aka kashe a fagen yaƙi, da malami makaranci, da mai yawan kyauta. Dukansu wuta za a kai su, domin sun yi ne a ce jarumi, a ce malami, a ce mai kyauta, kuma an riga an faɗa.

Ƙasarmu ta ga inda wannan cuta ke kai mutum in ba a tare ta ba. A 1899 Faransa ta turo rundunar mamaya ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, su nufi Tafkin Cadi. Suka bi gari-gari da ƙone-ƙone da kisa, Birnin Ƙonni ma ba ta tsira ba. Da labari ya kai Faris, aka aiko Kanar Klobb ya karɓi ragamar rundunar. Voulet ya ƙi sauka. Ranar 14 ga Yuli ya sa aka harbe Klobb a Ɗankori, ya ce ya fita batun Faransa, daularsa zai kafa. Kwana biyu tsakani sojojinsa suka yi tawaye, suka kashe Chanoine, washegari aka harbe shi ma. Ga kaburburansu nan a Maijirgi, a kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram. Mai neman daula ya ƙare da ramin da bai wuce tsawonsa ba.

Kada wani ya ce ai wannan Nasara ne azzalumi, me ya haɗa mu? Irin da ya tsiro a zuciyarsa yana nan a kowace zuciya, bambancin kawai shi ya sami bindiga. Gazali kansa, yana koyar da ɗalibai kusan 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna da matsayi ne ke tuƙa shi. Ya yi kusan wata shida yana kokawa da ransa, har harshensa ya kasa karantarwa, sannan a shekara ta 488 ya bar kujerar ya nufi Sham. Cuta ɗaya ce ta kama mutum biyun. Ɗaya ya tuhumi ransa ya warke, ɗaya ya gaskata ransa ya halaka.

Alƙur'ani ya ambaci rai da siffa uku: mai umurni da mugunta a Suratu Yusuf, mai yawan zargi a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a Suratul Fajri. Tarbiyya ita ce tafiya daga na farko zuwa na uku. Shi ya sa wuridi ke farawa da istigfari kafin salati da hailala: sai an yi sassabe ake shuka.

To, ɗan'uwa, ga awo uku. In ka ciyar a Maulidi ba a ambaci sunanka ba, ranka ya ɓaci? In aka ba wani jan wazifa kana zaune, ƙirjinka ya yi ƙunci? Lazimin da kake yi kai kaɗai a ɗaki, yana kai kyan wanda kake yi a gaban muƙaddami? Abin da ka ji a zuciyarka shi ne amsar, kuma da ita za ka gane mai riƙe da linzaminka.

In ka tarar da gauraye, kada ka bar aikin, domin wannan ma tarkon shaiɗan ne. Manomi ba ya barin gona saboda ƙuduji, cire shi yake yi tun bai yi fure ba. Dakata kaɗan kafin kowane aiki ka tambayi kanka don wa. Ka ware wata ibada wadda ba wanda ya sani sai Allah. Kafin ka kwanta, ka yi wa ranka hisabi.

Allah Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya raba mu da riya da jiji da kai, Ya kai mu ga rai mai natsuwa, albarkar Annabi, sallallahu alaihi wa sallama. Amin.