Tsohon ƙarfen sama, na wa ne?

Mai karatu, tun 1957 da Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik ake ta cilla na'urori sama. Da yawa sun daina aiki, amma ba su faɗo ba. Vanguard 1 na Amurka tun 1958 yake kewaya duniya. A 2009 wani mataccen tauraron Rasha ya yi karo da na Amurka, suka tarwatse gutsi-gutsi.

Yanzu wasu masana sun ce a tsince wannan ƙarfe, a narka, a yi gini da shi bisa wata, kamar yadda maƙeran Katako ke narka tsohon gwangwani su zuba tukunya. Dabarar ba ta banza ba ce. Ɗaga kilo guda zuwa sama kuɗi ne masu yawa, wannan kuwa ya riga ya hau.

To, amma tsintuwa tana da hukunci. Yarjejeniyar 1967 ta bar wa kowa mallakar abin da ya harba, ko ya mutu. Ke nan sai mai shara ya roƙi izinin wanda ya zubar! A ganina wannan ba adalci ba ne. Wanda ya bar kayansa bisa hanya shekara 50, suna barazana har ga tauraron da ke ba mu labarin damina, in yana son mallaka sai ya ɗauki nauyin kwashewa.

Sai dai gwamnatoci suna da nasu tsoro. Hannun ƙarfen da ya iya cafke mataccen tauraro, zai iya cafke mai rai na maƙwabci.