Yaro da Kare a Lambun Gari: Wa Ya Fi Hakki?

A biranen Ingila da Amurka da wuya a sami unguwa wadda ba ta da lambun shan iska. Fili ne mai ciyawa da itatuwa, an fid da hanyoyi a cikinsa, an jera kujerun katako, a gefe guda kuma an kafa lilo da sauran kayan wasan yara, wani wurin har da ramin rairayi don ƙanana su yi gine-gine. Ba a biyan ko anini a bakin ƙofa, domin majalisar gari ce ke riƙe da shi da kuɗin haraji. Da la'asar, ko kuwa ran Asabar da Lahadi, sai a ga uwa ta turo jaririnta cikin keke, 'yan makaranta suna ƙwallo, tsoho kuma ya fito da karensa. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa, abin da ya fi kusa da wannan a saninsa shi ne dandali. Amma a ƙasar Hausa kare na farauta ne ko na gadi, a waje yake kwana. Can kuwa ɗan gida ne, yana da sunansa da kwanonsa da likitansa. Da yake kuma gidaje da yawa benaye ne marasa tsakar gida, tilas a fita da shi safe da yamma ya motsa jiki, ya yi bayan gida. Inda za a kai shi ɗin kuwa, nan ne inda ake kai yaro.

Tun asali ba don kare aka yi waɗannan lambuna ba. Sa'ad da masana'antu suka yawaita a Ingila, talakawa suka baro ƙauyuka suka cunkushe cikin birane, cikin hayaƙi da ƙazanta, har annobar kwalara ta auka musu a 1831 da 1832. A 1833 Majalisar Dokoki ta naɗa kwamiti ya duba yadda za a samar wa ma'aikata wuraren yawo. A 1840 mutanen gabashin Landan suka kai wa Sarauniya Biktoriya takardar roƙo mai ɗauke da hannun mutum kamar 30,000, aka buɗe musu lambun da ke da sunanta a 1845. A 1847 garin Birkenhead, wanda ke hayin kogi daga Libaful, ya buɗe nasa, wanda Joseph Paxton ya tsara, da kuɗin jama'ar gari. Wani Ba'amurke, Frederick Olmsted, ya ziyarce shi a 1850, abin da ya fi ba shi mamaki kuwa shi ne ganin mai kuɗi da matalauci suna yawo a hanya guda, ba mai korar wani. Shi ne daga baya, tare da abokinsa Calvert Vaux, ya tsara babban lambun tsakiyar Niyok a 1858, mai faɗin eka 843. Watau tun ran farko manufar ita ce a sami wuri guda a gari wanda ba wanda zai ce nasa ne shi kaɗai.

To, abin da yake na kowa, nan ne rigima take kwana. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Cikin shekarun 1970 saɓanin ya fito fili. A Niyok wata mace mai suna Fran Lee ta kafa ƙungiya wadda ma'anar sunanta ita ce Yara Kafin Karnuka, ta yi ta yawo tana wa'azi a kan kashin kare da ya cika hanyoyi da lambuna. A Ingila kuwa, a 1977, majalisar garin Burnley, garin masaƙu a lardin Lankasha, ta hana shiga da kare cikin uku daga lambunan garin. Masu karnuka suka ce ba su san zancen ba. Suka yi jerin gwano da karnukansu suka kutsa cikin lambunan, majalisa ta kai su kotu, har waɗansu suka kwana gidan kurkuku saboda ƙin bin umarnin alƙali. Mai karatu ya yi mamaki a ce mutum da hankalinsa ya zaɓi kurkuku saboda kare. Amma su a ganinsu ba kare ake kora ba, su ake kora daga filin da suke biya wa haraji.

Iyayen yara suna da hujja, likitoci kuwa sun ƙarfafa ta. Akwai wata tsutsar ciki da karnuka ke ɗauke da ita, tun ba 'yan kwikwiyo ba, waɗanda sukan same ta tun suna cikin uwarsu. Macen tsutsar takan zuba ƙwai har 200,000 a yini guda, su fito tare da kashi. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Ruwan sama ya wanke kashin, rana ta busar da shi, amma ƙwan yana nan cikin ƙasa wata da watanni, wani lokaci har shekaru. Yaro ɗan shekara biyu kuwa ba abin da ba ya kai wa baki. In ya haɗiye ƙwan, sai 'ya'yan tsutsar su ƙyanƙyashe, su bi jini zuwa hanta ko huhu, jifa-jifa kuma su kai ga ido. A 1950 wata mai bincike a Amurka ta duba idanun yara waɗanda aka ƙwaƙule bisa zaton ciwon daji ne, sai ta tarar da 'ya'yan tsutsa a cikin da yawa daga cikinsu. Gaskiya ne makanta ta wannan hanya ba ta da yawa, kuma kyanwa da yanyawar ƙasarsu su ma suna ɗauke da irin tsutsar. Amma uwar da ɗanta ya rasa ido, ba a lallashinta da cewa abin ba shi da yawa.

Ban da wannan akwai cizo, akwai kuma tsoro. Cutar haukan kare, wadda har yanzu take kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara a duniya, yawancinsu a Asiya da Afirka, an kau da ita daga karnukan Ingila tun 1922, bayan an yi amfani da takunkumi da tsare karnukan da aka shigo da su daga waje. Saboda haka yaron Landan ba ya cikin hatsarin da yaron Kano ko na Damagaram yake ciki. Duk da haka, babban kare in ya sheƙo a guje, ko da wasa yake nufi, a idon ɗan yaye daidai yake da ingarman doki a idon babba. Mai kare kullum maganarsa guda ce, wai nasa ba ya cizo. Watakila gaskiya ya faɗa, amma yaron bai san haka ba, kuma ba wanda ya shawarce shi.

Shi ma mai karen ba a rasa abin da za a ce a madadinsa. A waɗannan birane akwai tsofaffi da yawa da ke zaune su kaɗai a ɗaki, 'ya'ya sun watse, miji ko mata ta rasu. Irin wannan tsohuwa ba abin da ke fid da ita daga gida da sanyin safiya sai karenta, kuma sau da yawa gaisuwar da za ta yi da wani mai kare a bakin hanya ita ce kaɗai maganar da za ta yi da ɗan Adam a wannan yini. In an rufe mata ƙofar lambu, an rufe mata fiye da ciyawa. Akwai makaho wanda karensa ne ɗan jagoransa. Akwai kuma shi kansa karen, dabba mai rai da jin ciwo, wanda mutum ne ya raba shi da daji ya kulle shi a bene. Wanda ya ɗauki dabba ya ɗauki nauyinta, dokar Ingila ta 2006 ma ta ɗora wa mai dabba wajibcin biya mata bukatunta. Ba daidai ba ne a ce wa mutum lalle ya motsa karensa, sa'an nan a hana shi kowane fili a gari.

To, ina mafita? In hakkin biyu suka yi karo sosai, yadda ba dama sai ɗaya ya ja da baya, na yaro ne a gaba. Dalili kuwa ba wai don iyayensa sun fi mai kare biyan haraji ba ne, ko don sun fi yawa. Dalilin shi ne mai kare ya zaɓi ya ajiye kare, yana kuma da ikon riƙe igiya, amma yaro bai zaɓi kome ba, ba shi kuma da ikon tsare kansa. Wanda ke da zaɓi da iko, shi ne nauyi ke kansa. Saboda haka shingen da ake kewaye wurin lilo da ramin rairayi da shi, a hana kare shiga ko da yana ɗaure, ba zalunci a cikinsa.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa kullum karo suke yi. Likitoci sun gano wani abu mai muhimmanci: ƙwan tsutsar nan ba ya cutarwa ran da ya fito, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kāna ya nuna. Ashe in mai kare ya sunkuya nan take ya kwashe kashin cikin leda ya jefa a garwar shara, ya kuma riƙa ba karensa maganin tsutsa a kan kari, mafi yawan hatsarin ya kau. Abin da ya kai mutane kotu da kurkuku, maganinsa sunkuyawa ɗaya ce. Korar dukan karnuka, kamar yadda aka yi a Burnley, hukunci ne a kan mai kula da marar kula baki ɗaya, kuma ba ta gyara halin kowa, sai dai ta tura ƙazantar zuwa bakin titi.

Hukumomi sun gwada hanyoyi iri-iri don su sa mutane su sunkuya. Faris ta gwada ta ɗauke musu wahalar: a 1982, zamanin da Jacques Chirac ke magajin gari, aka fito da babura masu na'urar zuƙe kashi suna zaga birni. Kuɗi mai yawa ya tafi, babura ba su kwashe sai kaɗan daga ciki, masu karnuka kuwa suka ƙara sakin jiki tun da akwai mai kwashewa. Bayan shekara ashirin aka fara janye su, aka koma ga tara. Niyok ta riga ta bi hanyar tara tun watan Agusta na 1978, mutane da yawa suka ce ba mai bin wannan doka, amma sannu a hankali ta zama al'ada. Ingila ta yi tata dokar a 1996, yanzu kuwa tarar nan take takan kai fam 100, in an je gaban alƙali fam 1,000, amma an ɗauke wa makafi. Waɗansu garuruwa suka raba wuri, kamar Berkeley a Kalifoniya inda aka keɓe wa karnuka filinsu tun 1979. Waɗansu suka raba lokaci: a babban lambun Niyok ana iya kwance wa kare igiya a wurare da yawa daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, da kuma bayan ƙarfe 9 na dare, sa'ad da yara ba su fito ba ko sun koma gida.

Raba lokaci ya fi raba wuri kusa da manufar farko. In aka yi ta kafa shinge, wannan na yara, wancan na karnuka, wancan na tsofaffi, za a wayi gari lambu ya zama garka-garka, abin da Olmsted ya gani a Birkenhead ya ɓace. Yaron da bai taɓa kusantar kare ba kuma yakan girma da ɗayan biyu, ko tsoro marar dalili ko ganganci. A nan iyaye ma suna da nasu aikin, gama laifi tudu ne. Uban da ke ƙarar kashin kare, shi ne wani lokaci ke barin fasasshiyar kwalba a ciyawa ta yanke ƙafar kare da ta ɗan wani. Wajibinsa ne ya koya wa ɗansa kada ya taɓa karen da bai sani ba sai ya nemi izinin mai shi, kada ya dame shi yana cin abinci, kada ya ja masa wutsiya, in kuma kare ya nufo shi ya tsaya cik, kada ya ruga, don gudu ne ke sa kare ya bi. Ya kuma wanke masa hannu kafin ya ba shi abin da zai ci.

Sai dai akwai inda doka ba ta kaiwa. Mai gadin lambu ɗaya ne, masu karnuka ɗari, yawancinsu kuma da asuba ko da duhun magariba suke fitowa. Mutumin da ya waiwaya bai ga kowa ba ya wuce abinsa, ba zai taɓa sanin yaron da ya cuta ba, domin cutar sai bayan makonni za ta auku, a kan yaron da bai san sunansa ba. Da a gabansa yaron zai faɗi, da bai yi ba, don ba mugu ba ne. Nisan da ke tsakanin aikin da sakamakonsa ne ya sa abin ya yi masa sauƙi. A Ingila har an sami wata sabuwar ɗabi'a wadda masu kula da lambuna da dazuzzuka suka daɗe suna kuka da ita. Mutum ya ga ana kallonsa, sai ya sunkuya ya kwashe kashin cikin leda, ya ƙulle ta da kyau. Da ya sha kwana, idon mutane ya bar kansa, sai ya rataye ledar a reshen itace ko a kan shinge, wai zai ɗauka in ya dawo. Kunyar idon jama'a ta sa shi ya yi rabin aikin, ta rabu da shi a daidai inda idon ya ƙare. Da kaka, in ganye ya zube, sai ledojin su bayyana reto-reto a kan rassa, ma'aikatan majalisa su bi da tsinken ƙarfe suna saukewa, da kuɗin harajin da shi da iyayen yaran suka biya tare.