Tafarkin Bhakti da Matsalar Wanda Ake Bauta Wa

A wajen mafi yawan mutane, yoga motsa jiki ce da sarrafa numfashi, amma a cikin addinin Hindu sunan ya shafi duk wata tarbiyya da ake fatan za ta sada ɗan Adam da hakikar ƙarshe. Daga Bhagavad Gita, littafi mai babi 18 da baiti 700 wanda yake cikin babbar waƙar Mahabharata, malaman addinin sukan fitar da hanyoyi uku: aiki ba tare da kwaɗayin sakamako ba, neman ilimin hakika, da kuma bhakti, wato miƙa zuciya ga ubangiji guda cikin ƙauna da dogaro. Wannan hanya ta uku ce ta fi tayar da tambayar ko Kirista ko Musulmi zai iya binta bai saki addininsa ba, domin ita ce ta fi kama da ibadar da suka sani.

Bhakti ya bunƙasa a ƙasar Tamil ta kudancin Indiya tsakanin ƙarni na 6 da na 9, a bakin mawaƙa 12 masu begen ubangiji Vishnu da ake kira Alvar da kuma bayin ubangiji Shiva 63 da ake kira Nayanar. Daga baya malami Ramanuja ya gina masa ginshiƙin falsafa, inda ya saɓa wa Shankara, wanda ya koyar da cewa rai da hakikar ƙarshe abu guda ne. A wajen Ramanuja rai yana rataye da ubangiji amma ba ya narkewa a cikinsa, tun da ƙauna ba ta tabbata sai da mai so da abin so. Littafin Bhagavata Purana ya lissafa rassa tara na wannan ibada, waɗanda suka haɗa da sauraron labarin ubangiji, da rera sunansa, da tuna shi, da yi masa hidima, da sallama kai gare shi baki ɗaya. Rera sunan ubangiji Krishna cikin taro, wanda Chaitanya (1486–1534) ya yaɗa a Bengal, shi ne ƙungiyar Hare Krishna ta kai Yammacin duniya bayan kafa ta a New York a 1966.

Kamannin da ke tsakanin wannan tafarki da sauran addinai ba na sama-sama ba ne. Mabiyan Ramanuja sun rabu gida biyu kan yadda ceto yake samuwa: wasu suka ce bawa kamar ɗan biri yake, wanda uwarsa ke ɗauka amma dole ya riƙe ta da kansa, wasu kuma suka ce kamar ɗan kyanwa yake, wanda uwa ke ɗagawa da baki ba tare da ƙoƙarinsa ba. Wannan ita ce muhawarar alheri da ayyuka da ta daɗe tana raba Kiristoci, abin da ya sa malamin tauhidi na Jamus Rudolf Otto ya rubuta littafi a 1930 yana kwatanta addinan biyu. Haka kuma duk wanda ya san zikiri da bege a wajen Sufaye zai gane yanayin zuciyar da ke maimaita suna har hawaye su zubo, kuma irin wannan kusanci ne ya sa yariman Mugal Dara Shikoh ya rubuta Majma'ul Bahraini a 1655 don nuna mahaɗar Sufanci da hikimar Hindu.

An kuwa sami waɗanda suka gwada haɗin a aikace. Narayan Vaman Tilak, mawaƙin harshen Marathi da ya karɓi Kiristanci a 1895, ya tsara waƙoƙin yabon Yesu da ma'aunin waƙoƙin bhakti na yankinsa, shi kuma malamin Kirista A. J. Appasamy ya karanta Bisharar Yohanna a matsayin tafarkin bhakti. A 1950 kuma limaman Katolika biyu daga Faransa, Jules Monchanin da Henri Le Saux, suka kafa zawiyar Shantivanam a ƙasar Tamil bisa tsarin zaman masu zuhudu na Indiya. Abin lura shi ne Tilak da Appasamy karin waƙa da lafazin ƙauna da ladabin sallamawa suka ara, amma sunan da suke kira bai canja ba. Masu bandiri a Kano sun yi irin wannan aro lokacin da suka ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya, ba tare da sun ɗauko aƙidar ƙasar da karin ya fito ba.

A nan ne iyakar jituwa take bayyana, domin bhakti ba ƙauna ce ga abin da ba shi da suna ba. Mai bin Krishna yana son Krishna ne da siffarsa da labarinsa, yana kuma yi wa murti, wato mutum-mutumin da aka keɓe ya zama mazaunin ubangiji, wanka da ado da hadaya. Kiristanci yana riƙe da cewa Allah ya zama mutum sau ɗaya tak a cikin Yesu Almasihu, alhali aƙidar avatara tana cewa Vishnu yana saukowa a zamani bayan zamani cikin siffofi dabam-dabam. Musulunci kuwa ya kore duka biyun, yana ɗaukar fuskantar da ibada ga wanin Allah a matsayin shirka. Abin da ake neman tsira daga gare shi ma ya bambanta, tun da mai bhakti yana roƙon kuɓuta daga samsara, wato dawowar rai cikin sabon jiki bisa ayyukan baya, yayin da Kirista da Musulmi suke jiran tashin matattu da hisabi bayan rayuwa guda. Wasiƙar da Fadar Batikan ta fitar a 1989 kan addu'ar Kirista ta yarda a amfana da hanyoyin natsuwa na Gabas muddin ba su shafe bambancin Mahalicci da halitta ba, kuma majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga a 2008 bisa hujjar cewa tana ɗauke da rera kalmomin ibadar Hindu.

Akan amsa wannan da cewa duk addinai hanyoyi ne zuwa wuri guda, ra'ayin da Ramakrishna ya koyar, almajirinsa Vivekananda kuma ya gabatar a taron addinan duniya na Chicago a 1893. Sai dai wannan magana ba alƙalanci ba ce daga wajen addinai. Aƙida ce ta Hindu, wadda tushenta ke babi na 9 na Gita, inda aka nuna cewa masu bauta wa wasu alloli da imani Krishna suke bauta wa, ko da ba bisa ƙa'ida ba. Kiristan da ya amince da ita ya riga ya sauya fahimtarsa game da Almasihu, kamar yadda mai bin Krishna zai rasa wani abu na addininsa idan aka ce masa Yesu yake nufi bai sani ba.

Saboda haka amsar tana da fuska biyu. Bhakti a matsayin tarbiyyar zuciya, wato ƙauna da dogaro da dawwama kan ambato, yana iya tunatar da mabiyin kowane addini abin da ke cikin gadonsa wanda ya yi sakaci da shi. Bhakti a matsayin ibada ga Krishna ko Shiva kuwa ba ya haɗuwa da shahadar Musulmi ko baftismar Kirista. Faɗin hakan a sarari girmamawa ce ga ɓangarorin duka, domin kowannensu ya ɗauki sunan da yake kira da muhimmancin da ya kai a gina rayuwa a kansa, kuma zaman lafiya tsakanin mabiya addinai ya fi ƙarko idan an kafa shi a kan sanin bambanci maimakon musanta shi.