Tsoron yarinya: ciwo ne ko hankali?

'Yan uwa mata, likitoci kan auna fargabar yara da takardar tambayoyi. Akwai SCARED daga Amurka, tambaya 41, yaro ya cika tasa, uwa ta cika tata. A ciki har ana tambayarsa ko yana tsoron wani abu ya sami iyayensa.

To, yarinyar Doguwa da ke kwana a bakin dajin Falgore, tana jin labarin masu garkuwa, in ta ce eh, ciwo ne ko hankali? A ganina maki kaɗai ba zai raba gardama ba. Uwa ce ta san ko barci ya ƙaurace mata, ko ta daina zuwa Islamiyya. In ya kai haka, a haɗa addu'a da asibiti, kada a ce mata ba ta da tawakkali.