Fansar Badar da Haƙƙin Yaro Mai Koyon Baƙi

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da amincinsa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a shekara ta biyu bayan Hijira, da aka ƙare yaƙin Badar, Musulmi suka komo Madina da kamammu wajen saba'in daga cikin Kuraishawa. Aka yanka wa masu hali fansa, har ta kai dirhami 4,000 a kan mutum guda. Malaman tarihi sun ruwaito cewa wanda ba shi da abin biya, in dai ya iya rubutu, sai a ba shi yara goma na Madina ya koya musu. Ranar da suka iya, ranar ya fanshi kansa. Watau a lokacin da Muhajirai suka baro dukiyarsu a Makka, talauci ya yi tsanani, sai ga shi an auna karatun yara goma da dukiya mai yawa, aka ga sun yi daidai. An ce Zaidu ɗan Sabitu yana cikin yaran nan, shi ne kuwa ya zama marubucin wahayi, ya kuma shugabanci tattara Alƙur'ani a zamanin Sayyidina Abubakar. An ruwaito kuma cewa Sayyidina Umaru ya yanka wa masu koyar da yara a Madina albashi duk wata.

Daga nan za a gane koya wa ƙaramin yaro baƙi haƙƙi ne a wuyan shugabanni, dukiyar jama'a kuma tana da rabo a cikinsa. Wannan hukunci bai tsufa ba, ya hau kan masu riƙe da kuɗin ilmi a ƙasar Daura yau.

A shekarar 1976, sa'ad da Daura take cikin Jihar Kaduna, Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin furamare kyauta ga kowa. Yara suka yi ta kwarara, azuzuwa suka cika, ƙwararrun malamai suka yi ƙaranci. Jihar Katsina ta samu kanta a 1987. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa kuma ta fito a 2004. Ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin tushe, da sharaɗin cewa jiha ba za ta karɓi babban kasonta ba sai ta ajiye nata daidai da shi. Manufar ilmi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya.

To, a nan amana take. An sha ganin jihohi a ƙasar nan sun bar kasonsu yana kwance a Abuja shekara da shekaru don sun kasa ajiye nasu. In kuwa kuɗin ya fito, zuciya takan karkata ga ginin da ido ke gani, a manta da malamin ƙaramin aji da littafin koyon karatu. Gini yana da kyau, amma ba a sallami kamammun Badar don sun tara yara a zaure ba, sai da yaran suka iya rubutu. Yaron Baure ko Zango ko Sandamu da ya gama aji uku bai iya haɗa baƙi ba, lalle akwai wanda Allah zai tambaya a kansa, tun daga mai sa hannu a takarda har mai riƙe da alli.

Malamin boko kuwa ya sani yaron Daura ba ya zuwa masa hannu wofi. Da yawa sun riga sun zauna gaban alaramma, sun yi babbaƙu, sun shiga farfaru, sun san cewa zane a kan allo yana da sauti. Wannan shiri ne babba. Mai hikima sai ya ɗora a kansa, kada ya raina shi. Ibn Abi Zaidi, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, domin koyar da yara ya wallafa shi.

Iyaye su ma ba su fita ba. Uban da ke ɗauke ɗansa daga aji duk ranar kasuwar Mai'aduwa, ko ya tsare shi a gona damina ɗungum, ko ya ɗora wa 'yarsa talla da hantsi, ya tauye haƙƙin da babu gwamnatin da za ta iya biyansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wajibi ne kuma iyaye da hakimai da limamai su riƙa leƙa makarantar garinsu, su tambayi abin da aka aiko da inda ya shiga, cikin ladabi da gaskiya, gama nasiha ga shugabanni tana cikin addini.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya shirya zuriyar Musulmi, ya ba su ilmi mai amfani. Amin.